A Gyara Ma'auni, Kada A Yar Da Doka

Duk ranar Asabar, tun daga ƙarshen watan Agusta har zuwa shigowar Disamba, filayen wasa na manyan jami'o'in Amurka sukan cika su batse da 'yan kallo. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000, watau jama'ar wani babban gari sukutum. Wasan da ke tara wannan taro ba irin ƙwallon ƙafar da muka saba da shi ba ne. Da hannu ake rungumar ƙwallon a sheƙa da shi, ko a jefa wa abokin wasa, su kuwa abokan karawa aikinsu shi ne su cafke mai ƙwallon su ka da shi ƙasa. Mutum 11 ne a kowane gefe, ƙarti majiya ƙarfi, waɗansu nauyinsu ya haura kilo 130, kowa da hular kwano a ka da makari a kafaɗu. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, waɗannan ƙarti ɗalibai ne kamarmu, galibinsu 'yan shekara 18 zuwa 23, masu shiga aji ranar Litinin da jikin da suka kai fili ranar Asabar.

Shekaru da dama ke nan magoya bayan wannan wasa suna kuka da alƙalan wasa, kuma babu abin da ke jawo kukan kamar wata doka guda da aka kafa domin kare kai da wuyan 'yan wasa. Turawa suna kiranta tagetin, watau auna mutum. Mu kuwa za mu kira ta dokar tunkuyi, domin abin da ta hana ya yi kama da karon raguna. Masu kuka suna cewa dokar ba ta da alƙibla: abin da aka kori wani a kansa yau, gobe wani zai yi shi a bar shi ya wuce. Daga nan waɗansu suka zarce suka ce a soke ta kawai kowa ya huta. Mun auna maganar, ga kuma matsayinmu. Kukan da ake yi a kan rashin daidaiton hukunci gaskiya ne, ya kuma cancanci amsa. Amma kiran a soke dokar ɓata ne, domin wuyan ɗalibai ne zai biya kuɗinsa.

Bari mu fara da abin da dokar ta ce. Hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, wadda ake kira NCAA, ita ta shigar da ita cikin littafin dokoki a 2008, kuma abu biyu ta hana. Na ɗaya, ɗan wasa ya sunkuyar da kai ya doki abokin karawa da tsakar hularsa, ko a wane sashe na jiki ne. Na biyu, ya kai bugu mai ƙarfi ga kai ko wuyan wanda ba shi da halin kare kansa, kamar wanda ya miƙa hannu sama yana ƙoƙarin cafe ƙwallo, ko wanda ya jefa ƙwallo bai gama daidaita tsayuwarsa ba, ko wanda ya riga ya faɗi ƙasa. Da farko hukuncin bai wuce a ci tarar ƙungiyar mai laifi yadi 15 na fili ba. A 2013 aka ƙara masa nauyi, aka ce a kori ɗan wasan daga fili, in kuwa bayan hutun rabin lokaci ya yi laifin, korar ta bi shi har rabin farko na wasa na gaba. Ga ɗalibin da wasa 12 kacal yake da shi a kakar shekara, wannan ba ƙaramar asara ba ce. A 2016 aka ba alƙalin da ke zaune gaban na'urar bidiyo ikon tsayar da wasa ya kama tunkuyin da alƙalan fili ba su gani ba. A 2019 aka ce lalle bidiyo ya tabbatar da kowane sharaɗi na laifin, in ba haka ba a soke hukuncin. A 2022 aka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara a kan korar da ke bin mutum zuwa wasa na gaba. Wannan yawan faci kaɗai ya isa ya nuna cewa masu dokar su kansu ba su gamsu da yadda ake aiki da ita ba.

Wasanni biyu sun isa su nuna wa mai karatu abin da ke ci wa magoya baya rai. Ran 28 ga Disamba, 2019, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, Jami'ar Jihar Ohio tana gaban Jami'ar Clemson da maki 16 da babu. Wani mai tsaron baya, Shaun Wade, ya kutsa ya ka da Trevor Lawrence, majefin ƙwallon Clemson, wanda ya ɗan duƙa yana jiran karo, sai hulunansu suka gwaru. Alƙalan fili ba su ga laifi ba. Alƙalin bidiyo ya tsayar da wasa ya duba, aka kori Wade, aka ba Clemson yadi 15 da sabuwar dama. Daga nan wasa ya juya, Clemson ta yi nasara da maki 29 da 23. Shekara biyar bayan haka, ran 1 ga Janairu, 2025, a birnin Atlanta, Jami'ar Texas da Jami'ar Jihar Arizona suna kunnen doki, 24 da 24, saura kamar minti ɗaya a tashi. Melquan Stovall na Arizona ya cafe ƙwallo, kafin ya gama juyawa Michael Taaffe na Texas ya same shi hula da hula, ya bar shi kwance. Aka duba bidiyo, aka ce babu laifi. Da an ce akwai, da Arizona ta matso kusa da inda za ta iya neman makin nasara. Texas ta ci wasan 39 da 31 bayan ƙarin lokaci har sau biyu.

Masana doka suna iya zama su tsefe bambancin waɗannan karo biyu, kuma wataƙila akwai shi. Amma mutumin da ya biya kuɗinsa ya shiga fili abin da ya gani shi ne hula ta doki hula sau biyu, ɗaya aka yi kora, ɗaya aka ce a ci gaba. Ba 'yan kallo kaɗai suka ji haka ba: Brett Yormark, shugaban rukunin Big 12 wanda Arizona ke cikinsa, ya fito fili bayan wasan ya nemi a samar da ma'auni ɗaya na alƙalanci ga ƙasar baki ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Mun ga dalilai huɗu.

Na farko, littafin doka ɗaya ne, amma masu hukunci da shi ba gida ɗaya suka fito ba. Jami'o'in sun rarrabu rukuni-rukuni, kamar SEC da Big Ten da Big 12 da ACC, kuma kowane rukuni shi ke ɗaukar alƙalansa, ya horar da su, ya ba su maki, ya sallami wanda ya ga dama. Akwai mai daidaita harkar alƙalai na ƙasa, amma ɗauka da kora ba a hannunsa suke ba. Alƙalan SEC ne suka yi wasan 2019, na Big Ten kuma suka yi na 2025. In kowace kasuwa da irin mudunta, ba abin mamaki ba ne masu awo su riƙa faɗa.

Na biyu, rukunin da ke biyan alƙali shi ne kuma ke cin riba in ƙungiyoyinsa sun yi nasara, wannan kuwa ƙofa ce ta zargi ko da ba a yi komai ba. An ma taɓa kama hannu dumu-dumu. A watan Satumba na 2018, a wasan Jami'ar Kudancin California da Jami'ar Jihar Washington, alƙalan bidiyo sun yarda cewa an yi tunkuyi, sai babban lauyan rukunin Pac-12, Woodie Dixon, wanda ba alƙalin wasa ba ne, ya bugo waya ya nuna bai yarda ba, aka bar abin ya wuce. Da takardar cikin gida ta faɗa hannun 'yan jarida, shugaban rukunin na lokacin, Larry Scott, ya amsa cewa tsarinsu da kuskure. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan, kuma irin wannan sau ɗaya ya isa ya ɓata amanar shekara goma.

Na uku, dokar tana ja ta fuska biyu. An gaya wa alƙalin fili cewa in ya yi shakka ya ɗauka laifi ne. Tun 2019 kuma an gaya wa alƙalin bidiyo cewa in bai tabbatar da kowane sharaɗi ba ya soke. Shakka guda ce, a fili tana haifar da hukunci, a ɗakin bidiyo tana share shi. Ga kalmomi irin su bugu mai ƙarfi da rashin halin kare kai, waɗanda kowa da inda yake ja musu layi. Adalci ne mu ƙara da cewa aikin da wuya: karon ba ya kai daƙiƙa guda, kuma sau da yawa wanda za a kama yakan duƙa a ƙarshe, kansa ya sauko daidai inda aka nufi ƙirjinsa.

Na huɗu, galibin alƙalan nan alƙalanci ba shi ne sana'arsu ba. Akwai lauyoyi da malaman makaranta da 'yan kasuwa a cikinsu, waɗanda ake biya wasa-wasa, alhali harkar da suke yanke wa hukunci ta tara dukiya mai ban tsoro. Yarjejeniyar talabijin ta rukunin Big Ten kaɗai, wadda ta fara aiki a 2023, ta kai kimanin dala biliyan 7 cikin shekara 7. Bayan haka ga shiru. Yaro ɗan shekara 19 da ya yi kuskure yakan zauna gaban 'yan jarida ya amsa tambayoyi, mai horarwa da ya soki alƙali a fili akan ci shi tara, shi kuwa alƙalin da wuya a ji ta bakinsa.

Inda babu bayani, fushi yakan nemi hanyarsa, kuma ba kyakkyawa yake samu ba. A watan Oktoba na 2021 magoya bayan Jami'ar Tennessee sun yi ruwan kwalabe a fili saboda wani hukunci, aka tsayar da wasa kusan minti 20, rukunin SEC ya ci jami'ar tarar dala 250,000. A watan Oktoba na 2024 ɗaliban Texas suka maimaita, a wasansu da Jami'ar Georgia, bayan an soke wani ƙwallo da ɗan wasansu ya tare. Ana cikin kwashe kwalaben alƙalai suka yi shawara suka janye hukuncinsu. Ita ma Texas an ci ta tarar dala 250,000. Ko da hukuncin na biyu shi ne daidai, darasin da 'yan kallo suka tafi da shi mugu ne, watau jifa yana biya. Mai horar da Georgia, Kirby Smart, ya faɗi haka a daren. Muna tir da wannan ɗabi'a ba tare da wani sharaɗi ba: wanda ya jefa kwalba cikin fili ya sa ɗalibai 'yan'uwansa cikin haɗari, ba shi kuma da bakin kuka da alƙali.

To, me ya sa muka ce kada a soke dokar? Tarihin wasan shi ne amsa. A kakar 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a faɗin ƙasar. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne, Jami'ar Columbia ta daina wasan, Stanford da California suka koma wani wasan dabam. Daga wannan rikici aka kafa ƙungiyar da ta zama NCAA, aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 domin a rage cunkoson karo. Ashe hukumar kanta domin kare rayukan 'yan wasa aka haife ta. A 1939 aka wajabta sa hula a wasannin jami'a. Da huluna suka yi ƙarfi sai 'yan wasa suka mai da su makami, suna shiga da kai kamar mashi. Likita Joseph Torg da abokan aikinsa suka nuna yadda abin ke faruwa: in mutum ya sunkuyar da kai, ƙasusuwan wuyansa sukan miƙe su jeru, ƙarfin karon ya bi ta cikinsu kai tsaye, su murƙushe su taɓa laka. A 1976 aka haramta shiga da kai. A wannan shekara 'yan wasa 34 na makarantun sakandare da jami'o'i suka shanye daga wuya zuwa ƙasa. A 1984 adadin ya sauko zuwa 5. Doka ce ta yi wannan aiki.

Sauran da suka rage kuwa mutane ne masu suna. Chucky Mullins na Jami'ar Mississippi ya karye a wuya a 1989, ya rasu a 1991. Eric LeGrand na Jami'ar Rutgers ya shanye a fili a watan Oktoba na 2010. Dukkansu biyu su ne suka kai kamu, abin da masu kukan dokar sukan manta ke nan: rabinta domin mai tunkuyin kansa aka yi shi. Da aka kori James Skalski na Clemson ran 1 ga Janairu, 2021, jama'a sun yi ta mamaki, tun da a haƙarƙari ya doki Justin Fields na Ohio. Amma da tsakar hula ya doke shi, kai a sunkuye, wuyansa shi ne a bakin haɗari. Ga kuma cutar da ba a gani a fili. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka buga sakamakon nazarin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa da suka rasu, suka sami cutar CTE, watau lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan bugu, a 48 daga cikin 53 na waɗanda wasansu ya tsaya a jami'a. Iyalan da suka ga alamun ciwo su suka fi ba da ƙwaƙwalen, saboda haka adadin ba ya wakiltar dukan 'yan wasa. Duk da haka ya isa ya hana mai hankali barci.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Magoya baya su ma su duba kansu. A 2018, da aka kori Devin White na Jami'ar Jihar Louisiana, korar da za ta hana shi rabin farko na wasa da Alabama, magoya bayansu sun tara kuɗi suka kafa manyan allunan talla a birnin Birmingham, inda hedkwatar SEC take, suna neman a sake shi. Sau nawa aka ji magoya bayan wata ƙungiya sun yi kuka don an kori ɗan wasan abokan gaba bisa kuskure? Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya bi ƙungiyoyin jami'a shida daga 2015 zuwa 2019, ya gano cewa kashi 72 cikin 100 na girgizar ƙwaƙwalwa a wajen atisaye ta auku, inda babu alƙali, babu bidiyo, babu ɗan kallo. A 2018 Jordan McNair na Jami'ar Maryland ya rasu yana da shekara 19, bayan zafi ya buge shi a wajen motsa jiki. Wannan sashe na maganar shi ya fi bukatar allunan talla.

Akwai fushin da ya dace, kuma ɗalibai ne suka nuna shi. A watan Satumba na 2014, Shane Morris na Michigan ya sha bugu a ka yana tangaɗi a gaban dubban mutane, aka bar shi cikin wasa, aka fitar da shi, aka sake mai da shi. Daga baya jami'ar ta amsa cewa da alama ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Ɗalibai suka yi gangami har ƙofar gidan shugaban jami'a, kuma ƙarshen watan Oktoba, bisa wannan da waɗansu ƙorafe-ƙorafe, darektan wasanni Dave Brandon ya ajiye aiki. Ba maki suka fito nema ba. Lafiyar ɗan'uwansu ce ta fito da su.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata a yi. A fitar da ɗaukar alƙalai da horar da su da hukunta su daga hannun rukunoni, a damƙa wa hukuma guda mai zaman kanta, da ɗakin bidiyo guda wanda babu wani jami'in rukuni da zai iya bugo wa waya. A buɗe hukunci ga jama'a: a 2025 rukunin ACC ya fara barin masu kallon talabijin su ji tattaunawar alƙalin fili da na bidiyo a waɗansu wasanni, wannan kuwa abin koyi ne, domin mutum yakan haƙura da hukuncin da bai so ba in ya ji dalilinsa. A mai da alƙalanci cikakkiyar sana'a, aƙalla ga shugabannin tawagar alƙalai da masu duba bidiyo. Harkar da tun 2025 kotu ta yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ba za ta ce ba ta da kuɗin wannan ba. A kuma rage karo a wajen atisaye, kamar yadda jami'o'in rukunin Ivy suka yi a 2016 da suka hana kamu da kayarwa a atisayen tsakiyar kaka.

Saura shawarar da ƙungiyar masu horarwa ta kawo a 2019, cewa a raba laifin gida biyu, mai sauƙi a ci tarar yadi 15 kawai, mai muni a yi kora, kamar katin gargaɗi da jan kati a ƙwallon ƙafarmu. Shawara ce mai ma'ana, domin bai kamata wanda tsautsayi ya faɗa wa da wanda ya yi da gayya su sha hukunci ɗaya ba. Amma tana ƙara wa alƙali wani awon, kuma in aka ba da ita ga alƙalan da ba su daidaita a kan awo ɗaya ba, rigimar ninkuwa za ta yi. A fara daidaita mudu, sa'an nan a ƙara masa rabi.

Haɗarin da muke hange shi ne, duk lokacin da aka yanke hukuncin da ba a iya bayyanawa, dokar ce ke rasa masoya, har wata rana masu son a koma zamanin karon raguna su sami rinjaye. Shugabannin rukunoni su sani cewa riƙe ikon da suke yi a kan alƙalai shi ke ciyar da wannan kira. Magoya baya kuma su ci gaba da kuka, amma su kai shi ofishin da ya dace, su nemi alƙali ɗaya da ma'auni ɗaya da bayani a fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kofi duk shekara ana sake shi, ɗalibin da ya karye a wuya kuwa shi da iyayensa ne za su ɗauki abin har iyakar rayuwa.